Wendell Scott: Makaniken da ya ci tsere aka miƙa wa wani kofinsa

A ranar Lahadi, 1 ga Disamba, 1963, kwana tara bayan kisan Shugaba John Kennedy, an gudanar da tseren motoci a wani fili mai suna Speedway Park da ke birnin Jacksonville, a Jihar Fulorida ta ƙasar Amurka. Filin ƙasa ne da ba a shimfiɗa wa kwalta ba, yana da siffar ƙwai, tsawon zagayensa rabin mil, kuma ƙa'idar ranar ita ce duk wanda ya riga sauran kammala zagaye 200 shi ne ya yi nasara. Da aka kaɗa tutar ƙarshe sai aka shelanta sunan Buck Baker, wani farar fata da ya taɓa zama zakaran ƙasa har sau biyu. Aka miƙa masa kofi a gaban 'yan kallo, jama'a suka tafa, suka watse. Sai bayan kimanin sa'a biyu, lokacin da fili ya zama wayam, alƙalan gasar suka amince cewa mota mai lamba 34 ta riga ta Baker da zagaye biyu cif. Mai wannan mota, wanda kuma shi ne direbanta da makanikenta, wani baƙar fata ne ɗan shekara 42 mai suna Wendell Scott.

Wannan ita ce nasarar farko da wani baƙar fata ya samu a babbar gasar hukumar NASCAR, kuma an shafe kusan shekara 58 kafin a sake ganin irinta. Sai dai rayuwar Scott ta fi ƙarfin labarin rana guda. Ya shafe sama da shekara ashirin yana gogayya da mutanen da suka fi shi kuɗi da kayan aiki, a yankin da doka da al'ada suka haɗu wajen nuna masa cewa ba a maraba da irinsa.

Ɗan garin masaƙa da taba

An haifi Wendell Oliver Scott ranar 29 ga Agusta, 1921, a garin Danville da ke kudancin Jihar Bajiniya, dab da iyakarta da Karolina ta Arewa. Garin yana bakin Kogin Dan, kuma a wancan zamani arzikinsa ya dogara ne a kan masaƙun auduga da kasuwar ganyen taba. Yana da wani tarihi mai nauyi, domin a nan gwamnatin 'yan-a-waren Kudu, waɗanda suka yi yaƙi don ci gaba da bautar da baƙaƙen fata, ta yi zamanta na ƙarshe na 'yan kwanaki a watan Afrilun 1865. A zamanin ƙuruciyar Scott dokokin wariyar launin fata da ake kira Jim Crow suna aiki sosai a garin: makarantar baƙar fata daban, wurin zamansa a motar haya daban, ƙofar da zai shiga gidan abinci daban, idan ma an yarda ya shiga.

Mahaifinsa direba ne kuma makanike, yana yi wa wasu iyalai biyu na attajiran fararen fata aiki. A gindinsa yaron ya fara riƙe sifana, ya koyi sauraren inji da kunne. Tun yana ƙarami ya ƙudurta cewa ba zai ƙare rayuwarsa a cikin masaƙa ba, inda ake kulle ma'aikaci tun safe har yamma. Bai kammala makarantar sakandare ba, ya kama tuƙin tasi. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke aka ɗauke shi soja, ya yi aikin kanikanci a Turai, a cikin rundunar Amurka wadda ita ma a wancan lokaci ta raba sojojinta bisa launin fata. A shekarun yaƙin ne ya auri Mary Coles, wadda suka reni 'ya'ya bakwai tare.

Bayan dawowarsa gida ya buɗe garejin gyaran motoci. Gareji kaɗai bai ciyar da gidan ba, don haka ya haɗa da wata sana'a ta dare wadda doka ta haramta, wato dakon barasar da ake dafawa a ɓoye a ƙauyukan tsaunuka. An taɓa kama shi sau ɗaya a 1949, kotu ta yanke masa ɗaurin talala na shekara uku.

Tseren da ya samo asali daga fasa-ƙwauri

Domin fahimtar yadda ɗan dakon barasa ya koma ɗan wasa, dole a san inda wannan tsere ya fito. Daga 1920 zuwa 1933 Amurka ta haramta sayar da barasa gaba ɗaya. Ko bayan ɗage haramcin, gundumomi da dama a Kudu sun ci gaba da hanawa, gwamnatin tarayya kuma ta ɗora haraji mai yawa, saboda haka dafawa a ɓoye ba ta tsaya ba. Masu dakonta suna buƙatar mota wadda ido zai ɗauka ta kowa-da-kowa ce, alhali an ƙara wa injinta ƙarfi, an ƙarfafa ƙafafunta yadda za ta ɗauki kaya mai nauyi ta kuma tsere wa 'yan sanda a hanyoyin burji cikin duhu. A ranakun hutu waɗannan direbobi sukan haɗu a wani fili da aka share, su gwada wanda motarsa ta fi gudu. Daga nan aka fara karɓar kuɗin kallo.

A watan Fabrairun 1948 wani mai shirya irin wannan wasa, Bill France, ya yi wa hukumar NASCAR rajista a Daytona Beach da ke Fulorida, domin a samu dokoki iri ɗaya da tabbacin biyan kyaututtuka. Abin da ya bambanta gasarta da tseren Turai shi ne motocin samfurin waɗanda ake sayarwa a kasuwa ne, irin su Ford da Chevrolet da Plymouth, ta yadda ɗan kallo zai ga irin motar da ya zo da ita tana gudu a fili. Mafi yawan filayen masu siffar ƙwai ne, ana zagaya su ta hannun hagu kawai, ɗaruruwan lokuta, motoci suna gogar juna a kwana. Babban rukunin gasar an sa masa suna Grand National a 1950, a ƙarƙashinsa kuma akwai ƙananan rukunai da ake fafatawa a filayen garuruwa. 'Yan wasa da masu filaye da kusan dukkan 'yan kallo fararen fatar Kudu ne.

Yadda 'yan sanda suka ba da sunansa

A 1952 masu shirya tsere a filin baje kolin Danville, waɗanda ke ƙarƙashin wata ƙaramar ƙungiya mai hamayya da NASCAR mai suna Dixie Circuit, suka ga 'yan kallo sun yi ƙaranci. Sai suka yi shawarar sako direba baƙar fata don jan hankalin jama'a. Da suka nemi wanda ya isa, 'yan sandan garin suka ambaci sunan mutumin da ya sha ba su wahala a kan hanya. Haka Wendell Scott, yana da shekara talatin, ya shiga fili a cikin tsohuwar Ford ɗinsa a watan Mayun wannan shekara. Wasu 'yan kallo sun yi masa ihu da zagi. Shi kuwa ya gane cewa ya sami abin da zai yi da rayuwarsa, kuma cikin ƙasa da mako biyu ya ci tserensa na farko a garin Lynchburg.

Ƙofar NASCAR ba ta buɗe masa da sauƙi ba. Ya ja motarsa zuwa filayenta a Karolina ta Arewa, jami'ai suka mayar da shi saboda launin fatarsa. A 1953 ya bi wata dabara: ya kauce wa manyan hukumar, ya tafi wani ƙaramin fili a birnin Richmond, ya nemi lasisi daga hannun jami'in wurin, Mike Poston, wanda ke da ikon bayarwa duk da ƙanƙantar muƙaminsa. Poston ya gargaɗe shi game da abin da zai gamu da shi, sa'an nan ya ba shi takardar.

Shekara takwas da suka biyo baya ya yi su ne a ƙananan rukunai, yana yawo daga fili zuwa fili a Bajiniya da maƙwabtanta. An sha yanke masa tayoyi kafin a fara wasa. Wasu direbobi sun riƙa bankar motarsa da gangan, wasu masu filaye sun hana shi kuɗin da suke bai wa kowa. Ya ɗauki hanyar haƙuri da shiru, saboda ya san cewa idan ya ɗaga hannu ya rama a bainar jama'a, a Kudun wancan zamani, abin da zai biyo baya ya wuce kora daga gasa. A hankali ƙwarewarsa ta jawo masa mutunci a wurin wasu abokan karawarsa fararen fata, har suka riƙa tsaya masa idan rigima ta taso. Ya ci tsere fiye da ɗari a waɗannan ƙananan filaye, kuma a 1959 ya lashe kambun filin Southside da ke Richmond tare da kambun Jihar Bajiniya na rukuninsa.

Babbar gasa da hannu wayam

A ranar 4 ga Maris, 1961, a garin Spartanburg na Karolina ta Kudu, Scott ya fara fafatawa a Grand National yana dab da cika shekara arba'in. Kafin shi wasu baƙaƙen fata ƙalilan sun leƙa wannan rukuni sau ɗaya ko biyu suka ɓace. Shi ne na farko da ya shiga ya zauna.

A wannan mataki kuɗi ke magana. Kamfanonin ƙera motoci, musamman Ford da Chrysler, suna zuba maƙudan daloli a kan zaɓaɓɓun direbobi, suna ba su sababbin injina da injiniyoyi da tawagar masu gyara. Scott bai taɓa samun irin wannan ɗaukar nauyi ba. Motocinsa na hannu ne, waɗanda manyan direbobi suka gama da su. Kayan gyaransa daga jibgar tsofaffin motoci suke fitowa, ko kuma daga abin da wasu suka cire za su jefar. Tawagarsa 'ya'yansa ne da wasu abokai, musamman Wendell ƙarami da Frank, waɗanda suka taso da jak da sifana a hannu. Idan babu mai taimako, yakan tsaya a wurin gyara ana tsakiyar tsere, ya fito daga mota da kansa ya canza taya ko ya zuba mai, ya koma ya ci gaba.

Wannan talauci ya tsara masa salon tuƙi. Direban kamfani yana iya take mota har injin ya fashe, domin gobe za a kawo masa wani. Scott kuwa ya san cewa idan injinsa ya lalace, kuɗin abincin gida da na makarantar yara ne suka tafi. Saboda haka yakan lallaɓa mota, ya kauce wa haɗari, ya tabbatar ya kai ƙarshe, tunda kowane matsayi yana da ɗan abin da ake biya. Masu kallon da ba su san halin da yake ciki ba sukan ɗauka rashin zafin nama ne, amma a ranakun da motarsa ta yi daidai da fili ya nuna akasin haka. A watan Yulin 1962, a filin Savannah na Jihar Jojiya, ya fi kowa gudu a gwajin share fage, ya sami gurbin farko na tashi.

Tafiya kanta wahala ce. Tsakanin wannan fili da wancan akwai ɗaruruwan mil na hanyoyin Kudu, inda masaukai da gidajen abinci da yawa ba sa karɓar baƙar fata. Shi da 'ya'yansa sukan kwana a cikin motar jan kaya, su ci guzurin da Mary ta ƙulla masu. Filin Darlington, wanda yake cikin mafiya daraja a gasar, ya ƙi karɓarsa shekara bayan shekara, bai sami shiga ba sai a 1965, bayan an kafa Dokar 'Yancin Ɗan Ƙasa ta 1964. Akwai kuma waɗanda suka kyautata masa. Ned Jarrett, zakaran 1961, ya sayar masa da mota ƙirar Chevrolet ta 1962, Richard Petty da wasu kuma sun riƙa taimaka masa da tayoyi da kayan gyara.

Abin da ya faru a Jacksonville

Shekarar 1963 ta zo da zafi a Kudancin Amurka. A garin Scott na Danville, ranar 10 ga Yuni, 'yan sanda sun far wa masu zanga-zangar neman 'yanci da kulake da ruwan motar kashe gobara, mutane da dama suka jikkata. Shi ma birnin Jacksonville yana da nasa tabon, domin a watan Agustan 1960 gungun fararen fata ɗauke da ƙotocin gatari sun auka wa matasa baƙaƙen fata da ke zaman dirshan a shagunan abinci. A irin wannan yanayi Scott ya ja Chevrolet ɗin da ya saya daga Jarrett zuwa Speedway Park.

Tseren na mil ɗari ne, kimanin kilomita 160, kuma duk da an yi shi a Disambar 1963, an lissafa shi a kakar gasa ta 1964. Filin ya lalace ƙwarai a ranar. Ramuka sun ɓarke a kwanoni, ƙura ta turnuƙe, motoci suka riƙa karyewa ɗaya bayan ɗaya. Irin wannan hanya ce Scott ya saba da ita tun zamanin dakon dare, kuma ya san yadda ake daidaita ƙafafun mota don ta jure. Richard Petty ya daɗe yana kan gaba, sai sitiyarin motarsa ya sami matsala. Saura zagaye 25 a gama, Scott ya wuce shi.

Da ya kammala zagaye na 200 bai ga an kaɗa masa tuta mai zanen baƙi da fari ba, wadda ita ce alamar ƙarewar tsere. Ya sake zagayowa, shiru. Ya ƙara wani, sai aka kaɗa wa Buck Baker. Scott ya fito ya nemi a sake duba lissafi. A wancan zamani da hannu ake ƙirga zagaye, a kan takarda, kuma kuskure yakan auku, musamman a fili mai ƙura inda motoci ke yawan shiga wurin gyara suna fitowa. Wannan shi ne bayanin da hukumar ta tsaya a kai. Da aka gama bincike aka tarar ya yi zagaye 202, aka rubuta sunansa a matsayin wanda ya ci, aka biya shi dala 1,000. Kofin kuwa ya riga ya bi Baker.

Scott ya rayu har ya rasu yana da yaƙinin cewa da gangan aka yi, kuma marubuta tarihin wasan da dama sun karkata ga ra'ayinsa. A al'adar gasar, wata budurwa farar fata da ake kira sarauniyar tsere ce ke miƙa kofi, ta kuma sumbaci zakara a gaban jama'a da masu ɗaukar hoto. A Fuloridar 1963, masu filin ba su shirya ganin haka ta faru da baƙar fata ba. Ko kuskure ne ko shiri, sakamakon ɗaya ne: an ba shi kuɗinsa a keɓe, bayan an tabbatar babu ɗan kallo ko mai kyamara da zai shaida.

Nasarar da ba ta sauya komai ba

Asarar da ya yi a wannan rana ta wuce ta kofi. A wannan sana'a hoton zakara a jarida shi ke jawo hankalin kamfanoni, shi ke sa a kira direba a ba shi sabuwar mota. Scott ya koma Danville ba tare da wannan hoto ba, kuma babu kamfanin da ya neme shi. Ya ci gaba da kwana a ƙarƙashin tsofaffin motoci yana haɗa su da hannunsa.

Duk da haka shekarun da suka biyo baya su ne mafiya kyau a tarihinsa. A jadawalin maki na ƙasa ya zo na 12 a 1964, na 11 a 1965, sa'an nan na shida a 1966, wanda shi ne matsayi mafi girma da ya taɓa kaiwa. Ya zo na goma a 1967, na tara a 1968 da 1969. Wato shekara huɗu a jere yana cikin goman farko, a gasar da ake yin tsere kusan hamsin a kowace kaka, da motar da abokan karawarsa suka yar. A wannan lokaci 'yan kallo da yawa, har da fararen fatar da suka taɓa yi masa ihu, sun koma yi masa tafi idan an ambaci sunansa. Tafin bai kai ga ofisoshin masu kuɗi ba. Shugabannin wasan suna tsoron ɓata wa masu sayen tikitinsu rai, kuma shi kansa Bill France ya kasance na hannun daman George Wallace, gwamnan Alabama da ya yi suna wajen kare wariyar launin fata, har ya jagoranci yaƙin neman zaɓensa na shugaban ƙasa a Fulorida a 1972.

Daga farkon shekarun 1970 wasan ya sauya kama. A 1970 aka yi tseren babban rukuni na ƙarshe na wancan zamani a filin ƙasa. Kamfanin taba na R.J. Reynolds ya shigo da kuɗinsa a 1971, aka sauya sunan gasar zuwa Winston Cup, a 1972 kuma aka rage yawan tsere daga 48 zuwa 31, aka zubar da gajerun tseren ƙananan filaye. Waɗannan filaye su ne gonar direbobi masu cin gashin kansu irin Scott, domin a nan dabara da juriya ke iya cike giɓin kuɗi. Abin da ya rage manyan filayen kwalta ne, inda ƙarfin inji ke yanke hukunci. A 1972 mai filin Charlotte ya yi ta tallata cewa zai samar masa da mota ta gani-da-faɗa a tseren mil 600 na wurin, amma injin motar ya mutu kafin a kai ƙarshe.

Haɗarin Talladega

A 1973, yana da shekara 51, Scott ya yi kasadar da bai taɓa yi ba. Ya jinginar da gidansa, ya ci bashi, ya sayi mota ƙirar Mercury mai ƙarfin da zai iya gogayya da manya. Ya kai ta Talladega da ke Alabama, fili mafi girma a gasar, mai tsawon zagaye mil 2.66, wanda kwanoninsa suke a jirkice kamar bangon ƙwarya don motoci su iya shan su da gudun kusan kilomita 300 a sa'a. A ranar 6 ga Mayu motoci 60 suka tashi. Ba a kai ko'ina ba injin wata mota ya fashe, mai ya malale a kan hanya, hayaƙi da ƙura suka rufe ido, motoci kusan ashirin suka cakuɗe. Wata ta banki ta Scott da cikakken gudu.

An ciro shi da karaya a haƙarƙari da ƙugu da ƙafa, ga wani mummunan yanka a hannu. Sabuwar motar ta tashi daga aiki tun kafin ta dawo da ko sisi, kuma ya shafe shekaru yana biyan bashinta. Da ya ɗan murmure ya sake shiga tsere guda a Charlotte a watan Oktoban wannan shekara, ya zo na 12. Daga nan jiki da aljihu suka tilasta masa ajiye tuƙi.

Lissafin da ya bari a babban rukuni shi ne tsere 495 cikin kaka 13, nasara ɗaya, shiga biyar ɗin farko sau 20, shiga goman farko sau 147. Kusan kashi uku cikin goma na tserensa ke nan ya ƙare a cikin goman farko.

Kofin da ya zo a makare

Ya koma garejinsa na Danville ya ci gaba da gyaran motocin jama'a. A 1977 aka fitar da fim mai suna Greased Lightning, wanda ɗan wasan barkwanci Richard Pryor ya fito a matsayinsa. Fim ɗin ya yaɗa sunansa, ko da yake an ƙawata labarin an kuma sassauta ɗacinsa. Daga baya ciwon daji ya kama shi a ƙashin baya, ya rasu ranar 23 ga Disamba, 1990, yana da shekara 69, ba tare da ya taɓa riƙe kofin Jacksonville ba.

Karramawa ta riƙa zuwa a hankali bayan ransa. A 1999 aka shigar da sunansa Zauren Gwarazan Tseren Motoci na Duniya da ke Talladega. A 2008 ɗan jarida Brian Donovan ya wallafa tarihinsa mai suna Hard Driving, littafin da ya tono abubuwa da dama da aka daɗe ana rufewa. A 2010 wata ƙungiyar masoya tsere a Jacksonville ta ƙera kwatankwacin kofin ta miƙa wa iyalansa. A watan Janairun 2015 ya zama baƙar fata na farko da aka shigar Zauren Gwarazan NASCAR da ke Charlotte. Garin Danville ya sa wa wani titi sunansa, jihar kuma ta kafa allon tarihi don tunawa da shi.

Hanyar da ya share ta daɗe babu mai bi. Sai a watan Oktoban 2013 wani baƙar fata, Bubba Wallace, ya ci tsere a ɗaya daga cikin rukunan ƙasa na hukumar, na motocin a-kori-kura, a filin Martinsville da ke kusa da Danville. A watan Yunin 2020, ana tsakiyar zanga-zangar da ta biyo bayan kisan George Floyd, NASCAR ta haramta ɗaga tutar 'yan-a-waren Kudu a filayenta, tutar da Scott ya yi shekaru yana tuƙi a ƙarƙashinta.

A ranar 28 ga Agusta, 2021, ana gobe za a cika shekara ɗari da haihuwarsa, hukumar ta kira 'ya'yansa da jikokinsa zuwa filin Daytona, ta miƙa masu kofin nasarar 1963 a gaban 'yan kallo da kyamarorin talabijin. Mako biyar bayan haka, ranar 4 ga Oktoba, Bubba Wallace ya ci tseren babban rukuni, ya zama baƙar fata na biyu da ya yi hakan, a filin Talladega inda motar Scott ta tarwatse a 1973.